Ruwan kwamfuta ya fi na kanal gudu: ina kuskuren yake?

Ɗan Kadawa: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina neman agaji kan aikin kammala karatuna, don yau kwana tara ina zagaye wuri ɗaya. Aikin a kan wani ɗan kanal na siminti ne da ke bayan gonarmu, cikin waɗanda ruwansu ke gangarowa daga Tiga. Malamina ya ce in kwaikwayi gudun ruwan a OpenFOAM, wata manhajar kwamfuta ta lissafin gudun ruwa, daga baya in duba yadda yake rabuwa a ƙofar da ke kasa shi gida biyu. Na je da kaina na auna. Na jefa robar ruwa mai rabin ciki, ta ci mita 20 a daƙiƙa 18, sau biyar ina maimaitawa. Wato saman ruwan yana gudun kusan mita 1.1 a daƙiƙa, in aka ninka da 0.85 matsakaicin gudu ya zama 0.94. Ita kuwa kwamfuta cewa ta yi 1.4. Da na ga haka sai na sa kaushin bango, Ks na milimita 3, na kuma tace ragar sosai, wato na ƙanƙanta 'yan ɗakunan da manhajar ke yanka ruwan a cikinsu don yin lissafi, har y+, ma'aunin nisan ɗakin farko daga bango, ya sauko 1. Yanzu duk lokacin da na ƙara tace ragar sai amsar ta canza, kuma laftof ɗin har fifita yake so.

Mai Bohol: Wa alaikumus salam. Ni dai na san ruwan Tiga ba ya ƙarya. Kwamfutar ce za a tuhuma.

Yaya Injiniya: Ƙanena, kafin komai ba ni abu uku: gangarar kanal ɗin, radiyos na ruwa, da tsayin ɗakin farko na ragarka, wanda ya jingina da bango.

Ɗan Kadawa: Yaya, gangara 1 cikin 2000 ce, daga tsohon zane na ɗauko. Radiyos ɗin, wato girman yankin ruwa a raba da tsawon gefen da ya jiƙe, ya kama mita 0.5. Ɗakin farko milimita 0.04 ne.

Yaya Injiniya: To ka kama ɓarawonka da kanka, ba ka dai gane fuskarsa ba. Ɗauko biro. Gudun gogayya shi ne saiwar (square root) g sau R sau S, wato ƙarfin jan ƙasa sau radiyos sau gangara. 9.81 sau 0.5 sau 0.0005, saiwarsa ta kama mita 0.05 a daƙiƙa. Danƙon ruwa a digiri 20 kusan 0.000001 ne. Raba shi da 0.05, za ka sami milimita 0.02. Wannan shi ne mudun da ake auna komai da shi a kusa da bango. Tsakiyar ɗakinka na farko tana milimita 0.02 daga bango, shi ya sa ka ga y+ 1, nan ba ka yi kuskure ba. Amma auna kaushin da wannan mudun: milimita 3 a raba da 0.02, Ks+ ya zama 150. Duk abin da ya haura 70 a gwajin Nikuradze, masanin da ya auna kaushi da yashi a cikin bututu, ko 90 a yadda aka rubuta shi cikin OpenFOAM, kaushi ne cikakke. Siririn shimfiɗin nan na ruwa mai laushi da ke kwanciya a jikin bango mai santsi, wanda ba ya wuce y+ 5, a kanal ɗinka babu shi. Tsakuwar siminti ta keta shi ta fito. Ka kashe laftof wajen neman abin da ba ya nan.

Na biyu kuma shi ne babba. Ka gaya wa manhaja cewa tudun bangonka milimita 3 ne, sannan ka gina ɗakin farko milimita 0.04. Tsakuwar ta ninka ɗakin sau 75. Ɗakinka a cikin siminti yake, ba a cikin ruwa ba.

Ɗan Kadawa: Ikon Allah. Amma Yaya, a duk bidiyon da na kalla cewa suke in kana son amsa mai kyau da k-omega SST, tsarin lissafin hargitsin ruwa da nake amfani da shi, ka sa y+ ya zama 1 ko ƙasa.

Malama 'yar Auyo: Bidiyon ba su yi maka ƙarya ba, fiffiken jirgin sama suke nuna maka, mai sulɓi kamar tangaran. Bari in ƙara a kan maganar Injiniya don ka ga abin da idonka. A kan bango mai cikakken kaushi, dokar da manhaja ke dogara da ita tana cewa: gudun ruwa a raba da gudun gogayya daidai yake da log na y bisa Ks, a raba da 0.41, a tara da 8.5. Gwada ka gani. In y ya sauko kusan kashi ɗaya cikin 30 na Ks, amsar sifili ce. A wurinka wannan milimita 0.1 ke nan. Kai kuma ka sa ma'auninka a 0.02, ƙasa da nan. Saka shi cikin lissafin, za ka sami kusan 3.7 amma da alamar ragi a gabansa. Wato bisa doka ruwanka ya juya yana komawa Tiga. Manhajar ba za ta bari haka ta faru ba, sai ta yi ta ƙoƙarin rufa maka asiri, shi ya sa amsar ke rawa duk lokacin da ka taɓa ragar.

Ƙa'idar da muke bi mai sauƙi ce: tsakiyar ɗakin farko ta fi Ks tsawo. Ks milimita 3, to ɗakin farko ya wuce milimita 6. Ni da ni ce, 8 zan fara da shi.

Mai Bohol: Malama, ruwa ya koma Tiga? Manoman Kura za su kwana a ƙofar gidan yaron nan.

Sarkin Musu: Ni tambayata daban ce. Me ya kai kanal miƙaƙƙe cikin OpenFOAM? Tun wajajen 1890 Manin, injiniyan nan na ƙasar Ailan, ya gama wannan magana. A lissafinsa sa n, lambar kaushi, na siminti 0.015, R 0.5, gangara 0.0005, a bayan takardar tsire ma za ka sami 0.94. In kana son zane mai launi don malaminka ya ji daɗi, ga manhajar HEC-RAS nan kyauta, sojojin injiniya na Amurka suka yi shi, a tsohon laftof ma minti ɗaya ya ishe shi. Harbin sauro da bindigar toka kawai ake yi.

Yaya Injiniya: Sarki, a kan miƙaƙƙen wuri na ba ka gaskiya ɗari bisa ɗari. Amma yaron ya ce ƙofar rabo zai duba. Manin ba zai gaya maka inda ruwa ke juyawa a bayan ƙofa yana zubar da yashi ba, ko dalilin da reshen hagu ke kwashe ruwa fiye da na dama. Wannan sai lissafi mai fuska uku.

Sarkin Musu: To ya fara da ƙofar mana. Me ya zaunar da shi kwana tara a miƙaƙƙen wuri?

Malama 'yar Auyo: Nan kam yaron ya fi ka gaskiya, ko da bai sani ba. Wanda bai iya fitar da gudun ruwa a miƙaƙƙen kanal ba, wa zai yarda da abin da ya ce game da ƙofa? Abin da zan ba shi shawara, ya yanki ɗan guntu, mita ɗaya ko biyu, ya haɗa bakin fita da bakin shiga yadda ruwan da ya fita zai sake shigowa, ya tura shi da ƙarfin gangara, saman ruwan ya yi masa murfi marar gogayya, ya yi amfani da simpleFoam, sashen OpenFOAM na ruwan da gudunsa ba ya canzawa da lokaci. Wannan ko da cajin shagon unguwa zai gama. Sai amsar ta yi daidai da ta Manin sannan ya ɗauki wannan tsarin bangon ya kai ƙofa, can ne zai buƙaci interFoam, sashen da ke lissafa ruwa da iska tare, saboda saman ruwa na hawa da sauka.

Ɗan Kadawa: Na gode Malama, Allah ya ƙara ilimi. Amma akwai abin da ya tsaya mini. In ɗakin farko ya zama milimita 8, tsakiyarsa 4, y+ ya zama 200. In na ɗan ƙara, zan haura 300. An ce daga 30 zuwa 300 ne iyaka.

Yaya Injiniya: Ka tsaya ƙasa da 300 ka huta da tambayoyin ranar kare aiki.

Malama 'yar Auyo: A'a Injiniya, a nan ba na tare da kai. Lambar 30 ta ƙasa tana da tushe, don tsakanin 5 da 30 wuri ne da dokar log ba ta kama ba tukuna. Amma 300 ba saukakkiya ba ce. Iyakar sama tana bin zurfin ruwa ne, wajen kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na zurfin. A ƙaramin bututu wannan yakan faɗo kusa da 'yan ɗaruruwa, daga nan lambar ta samo asali. Kanal mai zurfin santimita 60 fa? Kashi 10 santimita 6 ne, a mudunmu na 0.02 y+ 3000 ke nan. In yaro ya riƙe 300 kamar karatun allo, ran da ya gamu da kanal mai Ks milimita 10 sai ya rasa inda zai sa ɗakin farko, alhali fili na nan a buɗe.

Yaya Injiniya: Ranki ya daɗe, ilimin naki daidai ne. Ni masu zama a teburin jarrabawa nake ji masa. Na taɓa tsayawa gabansu da y+ 600, sai da na yi gumi a cikin sanyin Janairu.

Malama 'yar Auyo: Sai ya zana musu gudun ruwa daga bango zuwa sama a kan takardar log, su ga layin ya miƙe. Wanda ya ga wannan ya ci gaba da musu, ba y+ ne damuwarsa ba.

Kawu Mai Rani: Salamu alaikum. Ɗana ne ke rubuta mini, ni magana nake yi. An karanta mini abin da kuke ta yi, rabinsa ban gane ba, amma kanal ɗin da yaron nan yake faɗa na san shi tun ana kiran aikin sabo, bayan an gama Tiga a 1974 zamanin Audu Bako. Tambayata gare ka ɗana, wane wata ka auna? Don kanal ɗin ba fuska ɗaya gare shi ba. In an yashe shi a farkon rani, ka sa tafin hannu a jikinsa za ka ji shi kamar dutsen niƙa, tsakuwa duk ta fito don ruwa ya cinye simintin sama. Bayan wata biyu gansakuka ta rufe shi, ka taka ka zame, amma kuma tana da gashi dogo da ke kaɗawa cikin ruwa. Ƙasansa kuwa ba siminti za ka taka ba, yashi ne da laka, wani wuri har idon sawu, kuma yashin yana yin 'yan kunya-kunya kamar an yi huɗa. Ga wuraren haɗin siminti da suka buɗe ciyawa ta fito. To wanne daga ciki ne milimita ukun naka?

Ɗan Kadawa: Kawu, Allah ya ƙara girma. Wallahi daga tebur na ɗauko. An rubuta siminti daga 0.3 zuwa 3, sai na ɗauki na ƙarshe tunda tsoho ne.

Yaya Injiniya: Kawu ya yi tambayar da ta fi duk namu. Ku bari in faɗi asalin wannan Ks ɗin, don mutane na ɗauka tsawon tsakuwa ne da za ka sa ruwla ka auna. A 1933, a Gotingen ta ƙasar Jamus, Nikuradze ya tankaɗe yashi ya ware mai girma ɗaya, ya manna shi a cikin bututu, ya auna yadda matsin ruwa ke raguwa. Daga baya Kolburuk a 1939 ya haɗa lissafin da bututun da ake sayarwa a kasuwa, Mudi kuma ya mai da shi zane a 1944. Saboda haka in an ce siminti Ks ɗinsa milimita 3, ana nufin yana riƙe ruwa kamar yadda yashin Nikuradze mai girman milimita 3 zai riƙe. Kwatance ne. Bango biyu na iya zama tudunsu ɗaya a ido, riƙonsu ya bambanta, saboda tazara da siffar tudun. Ita ma lambar Cs da ke kusa da Ks a nutkRoughWallFunction, wurin da ake sa kaushin bango a OpenFOAM, 0.5 ɗin da kowa ke bari, ta yashi mai girma ɗaya ce.

Mai Bohol: Wane Mudin? Na Kwanar Gafan mai tumatir?

Yaya Injiniya: Wannan Ba'amurke ne, bai taɓa ganin kwandon tumatir ɗinku ba.

Mai Bohol: To tunda an zo kan bututu, a fitar da ni duhu. Manomi ya ce in canza masa bututun ƙarfe inci 3 zuwa na roba, wai ruwa zai ƙaru. Da gaske ne ko kuɗinsa ke masa ƙaiƙayi?

Yaya Injiniya: Yana da gaskiya, musamman in layin dogo ne. PVC kaushinsa kusan milimita 0.0015 ne, galbanayiz sabo 0.15, ninki ɗari. In ruwa na gudun mita 2 a daƙiƙa, Ks+ na roba bai kai 1 ba, wato ruwa bai ma san da kaushin ba. Na ƙarfe yana wajen 15, ya fara ji. In ya yi tsatsa kuwa sai abin da ya ƙaru. Amma in layin mita goma ne da gwiwa huɗu, gwiwoyin ne ke cin ruwan, ba bango ba.

Sarkin Musu: Mu dawo kan yaro. Abin da za ku ce masa yanzu shi ne ya yi ta murɗa Ks har kwamfuta ta ce 0.94, sannan ya rubuta cewa simuleshan ya yi daidai da awo. Wannan ai kai ka yi tambaya kai ka ba da amsa kai ka yi maki.

Malama 'yar Auyo: Da zai tsaya nan, da na ce maganarka ce. Daidaita Ks da awo ba laifi ba ne, kowa haka yake yi da n ɗin Manin ma, kai ma 0.015 ɗinka daga tebur ka tsince shi. Laifin shi ne ka daidaita da awo ɗaya ka kuma kafa hujja da shi. Ya daidaita da awon yau, ya koma ranar da aka rage ruwa zurfin ya sauka, ya sake aunawa, ya ga ko Ks ɗin nan zai fitar da sabon gudun ba tare da an taɓa shi ba.

Kuma ku duba wani abu. Na buga lissafin da hannu yanzu a kan R da gangararsa: bango mai santsi 1.4, daidai abin da ya fara samu, wato manhajar ba ta yi laifi ba tun farko. Ks milimita 1 ya ba da 1.08, milimita 3 ya ba da 0.94, milimita 5 ya ba da 0.88. An ninka Ks sau biyar, gudu ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar kawai, saboda yana cikin log. Yanzu koma kan robarsa. In ka ninka 1.11 da 0.8 maimakon 0.85, ka sami 0.89. Kun gani? Zaɓin wannan 'yar lambar kaɗai ya kai bambancin milimita 3 da 5. Don haka kada ya rubuta Ks da lambobi uku bayan ɗigo kamar wanda ya auna da ma'aunin zinariya.

Kawu Mai Rani: Ɗiyata, can wajenku ai kachalla ce ta fi damunku. Ita kuma milimita nawa za a sa mata?

Malama 'yar Auyo: Kawu ka taɓo inda ke mini ciwo. Daga Auyo har Hadeja zuwa fadamun Nguru, kachalla ta toshe hanyoyin ruwa ba kaɗan ba. Ita ba a sa ta a Ks ko kusa. Akwai lissafin Sitirikila da ke haɗa n da Ks: ka ninka n da lamba tsakanin 21 da 26, gwargwadon littafin da ka bi, sannan ka ninka amsar da kanta har sau shida. A kan siminti yana aiki, n 0.014 zai ba ka milimita biyu ko kusa. Magudanar da ciyawa ta cika har saman ruwa kuwa n ɗinta kan kai 0.08. Ninka da 25 ka sami 2, ka jera 2 guda shida ka ninka su da juna ya zama 64. Mita 64 na kaushi a magudanar da ba ta kai ƙugu ba! Lissafin da kansa yana gaya maka ka fita daga hurumina. Kachalla tana tare ruwa ne tun daga ƙasa har sama, sai a ware yankin a raga a sa masa turjiya a cikin jikin ruwan, kamar ruwa na ratsa zana. Haka ma kunyoyin yashin da ka ambata, in sun yi girma gara a zana su a siffar ƙasan kanal ɗin.

Ɗan Kadawa: To Malama, a bakin ƙofa fa? Can dole in ƙanƙanta raga don in kama leɓen ƙarfen. Ɗakunan za su gaza milimita 6.

Yaya Injiniya: Ƙofar ƙarfe ce, ba ta siminti ba, ka ba ta nata Ks ɗin daban, ƙarami. Ƙasan da ke ƙarƙashinta kuma ka ƙanƙanta ɗakunan ta tsawo da faɗi, tsayin layin farko ka bar shi yadda yake. Wasu manhajojin kuɗi irin su CFX suna da dabarar ɗaga bangon da rabin Ks don kauce wa wannan rikici, amma kai ba ita kake riƙe da ita ba. Kuma ka sani, inda ruwa ya rabu da bango yana juyawa a bayan ƙofa, dokar log ɗin kanta tana rauni. Sa'arka ɗaya, a wurin siffar ƙofar ce ke mulki fiye da kaushi. Ka rubuta haka a aikinka, kada ka ɓoye.

Shugaban zaure: Jama'a, masu turo tallan takin zamani a tsakiyar wannan magana, na goge. Ranar Juma'a ce ranar talla.

Ɗan Kadawa: Alhamdulillahi, na dawo da labari. Jiya da daddare na yi ɗan guntun da Malama ta ce. Da can sai da na jera layi 34 daga bango kafin ɗakuna su kai santimita 2, yanzu layi 5 ne. Ɗakin farko na milimita 8 ya ba ni 0.95, na 12 ya ba ni 0.96, na 16 ma 0.96. Duka ukun sun gama kafin batirin ya kai rabi. Na kuma canza danƙon ruwa zuwa na digiri 30, wato 0.0000008, don in ga bambancin sanyi da bazara, amsar ba ta motsa ba.

Yaya Injiniya: Ba za ta motsa ba, alamar cikakken kaushi ke nan. Madalla.

Sarkin Musu: Kwana goma, an iso inda takardar tsire ta kai mu tun ranar farko. Amma har yanzu ban ga wanda ya auna gangarar nan ba. Zane ya ce 1 cikin 2000, zanen da ya girmi yaron. Ƙofa na gaba tana tokare ruwa, yashi ya cika ƙasa. Gangarar saman ruwa ce ke tura shi, ba ta takarda ba. In ta zama 1 cikin 2500, duk Ks ɗinku ya tashi aiki.

Malama 'yar Auyo: Yau kam Sarki ka yi musu mai amfani. 1 cikin 2000 santimita 5 ne kacal a mita 100. Sai an auna da kulawa.

Mai Bohol: Ina da farin tiyon nan na lebur da magina ke amfani da shi, mita 50. A kafa turaku a bakin ruwa, a yi gaɓa huɗu, mita 200 ke nan, a nemi santimita 10. Zan kawo ranar Asabar, amma mai na babur a kan ɗalibi.

Kawu Mai Rani: Ku zo da sassafe kafin iska ta tashi, don ita ke tura robar nan taka ɗana, rabinta a waje yake. Ka sayo lemon zaƙi guda biyar, shi yana nutsewa sai ɗan kansa. Ni zan tsaya a turken ƙarshe da sanda in tsamo su, kada yaran Fulani masu shayar da shanu su riga mu.